Fiyanon Malam da Kwalbar Yaya

Abin da muke kira fiyano a gidanmu ba ya kuka da kansa. Dogon allo ne mai maɓallai farare da baƙaƙe. Idan ka danna shi haka kawai, ba abin da za ka ji sai ƙwas-ƙwas na roba. Sai an jona masa waya zuwa kwamfuta, an buɗe wata manhaja, sannan murya take fitowa ta lasifika, kamar ta babban fiyanon katako. Autarmu ce ta kawo shi gidanmu na Sabon Gari, bayan an sallamo mahaifinta daga asibiti.

Mijina malamin makaranta ne da ya yi ritaya, Malam nake ce masa kamar kowa. Tun kafin mu yi aure a Zariya shi yake kaɗa wa mawaƙa a majami'a, da muka dawo Kano ma bai fasa ba. Hawan jini ne ya buge shi, ya taɓa masa ɓarin hagu. Ubangiji ya yi mana jinƙai, ƙafa ta dawo, baki ya daidaita, sai hannu ya rage. Hannun ma abin mamaki: yatsun suna iya dannawa, ɗagawa ce take yi musu nauyi. Likitar gashin ƙashi ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Da muka dawo gida ya tura ta ƙarƙashin gado, ya ce shi ba jariri ba ne. Shi ya sa Auta ta ɗauko fiyanonta daga ɗakin aurenta a Kwaciri, ta ce, “To Baba, ga taka ƙwallon.”

A ranar farko aka gane matsalar. Duk sautin da ya kaɗa da dama yana tsayawa cak idan ya ɗaga yatsa. Na hagu kuwa sai ya ja wutsiya, wani irin nishi mai tsawo da yake shiga cikin sautin da ke biye, waƙa ta zama kunu. Auta ta yi mana bayani, ni ma na matso da tsintsiya a hannu ina saurare. Ta ce a fiyanon katako akwai ɗan matashin auduga da yake faɗawa kan tsirkiya ya kashe sauti idan an saki maɓalli. Ka saki da sauri, ya faɗa da sauri. Ka saki a hankali, ya sauka a hankali, sauti ya yi ta jan ƙafa. Wannan manhajar kwaikwayon haka take yi, ba dannawa kaɗai take ji ba, har da yadda yatsa yake tashi. Ta nuna mana wani akwati a fuskar kwamfutar, da layi a ciki wanda ya tashi a karkace daga ƙasa zuwa sama.

“Idan na kwantar da layin nan, Baba, na toshe masa kunne ke nan. Ko da sauri ka ɗaga ko a hankali, duk ɗaya zai ɗauka.”

“Wato ya yi mini ƙarya.”

“Ba ƙarya ba ce, rangwame ne.”

“Shekara nawa na yi ina ba da maki, ban taɓa jin rangwamen da ba ɗan'uwan ƙarya ba. Rage masa kaɗan dai, don kada mamanki ta gudu daga gidan. Amma ki bar masa kunne ɗaya.”

Ta ja layin zuwa tsakiya. Wutsiyar ta gajarta, ba ta tafi ba. Haka ya ci gaba da zama kowace safiya bayan addu'a, littafin waƙoƙi a gabansa, idonsa a kan littafin, don ya ce mai kallon yatsunsa bai iya kiɗa ba tukuna. Ba ya yarda kowa ya taɓa maɓallan, ko jikoki. Idan hagu ta ba shi haushi sai ya sauke ta kan cinya, ya zuba wata waƙa da dama kaɗai, tsaf, ya juyo ya dube ni. “Kin ji? Muddin wannan tana nan, ina nan.” Da wannan hannun yake cin abinci, da shi yake aske gemu, da shi kuma yake riƙe da ransa, ko da yake a lokacin ban san haka ba sosai.

Sai Yaya ta zo dubiya daga Kaduna.

Yayar Malam ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goya shi. Na haifi 'ya'ya, na aurar, na ga jikoki, amma har yau Amarya take kirana. Mace ce mai addu'a, ba zan hana mata wannan ba. Tun rasuwar mijinta ta koma wata sabuwar majami'a inda ba a fita ba tare da kwalbar man zaitun a jaka ba. Tana shigowa ta kama hannun ƙaninta ta shafa masa, ta yi addu'a har da hawaye. Na durƙusa na ce amin da zuciya ɗaya. Shafa wa marar lafiya mai yana cikin Littafi, ni ma na karanta.

Washegari da safe tana shan koko a falo Malam ya fara kiɗa. Sai na ga ta ajiye ludayi.

“Amarya, me yake kuka haka?”

“Fiyano ne, Yaya.”

“Na san fiyano tun ba a haife ki ba. Ya ɗaga hannu, abu yana ci gaba da nishi. Wa yake nishin?”

Malam ya yi dariya ya ce hannunsa ne yake ɗagawa a hankali, na'ura kuma take faɗar abin da ta ji. Auta ba ta nan, sai ni na yi ƙoƙarin maimaita zancen ɗan matashi da tsirkiya. Yaya ta leƙa ƙarƙashin allon, ta leƙa bayansa.

“Ina tsirkiyar?”

“Babu, Yaya. A cikin kwamfuta ake kwaikwayo.”

“Babu tsirkiya, babu matashi, amma akwai nishi. Kuma ɓangaren da ciwo ya kama kaɗai. Ku dai masu boko, sai abu ya zauna muku a falo ya sha shayi kuna ce masa na'ura. Sabo aka saye shi?”

Na ce na hannu ne, wajen masu kayan wuta Auta ta samo shi.

“Uhm,” in ji Yaya. Ta ɗauki ludayinta.

A ranar da za ta koma, Auta ta kai Malam gashi, ni kuma na tafi Kantin Kwari neman atamfar ankon zumuntar mata. Cunkoson motoci a Bata ya riƙe ni har rana ta take. Na dawo na tarar Yaya ta share falo, ta goge tebur, fiyano yana ta sheƙi kamar an fito da shi daga kwali. Har godiya na yi mata. Na ce, “Yaya, kin wahalar da kanki.” Ta ce, “Aikin Ubangiji ba wahala.” Na zuba mata dambun nama a roba, na raka ta tasha. Duk lokacin da na tuna godiyar nan sai in ciji yatsa.

Bazara ta shigo da zafinta irin na Kano, wanda ko bango ka taɓa sai ka janye hannu. A hankali na lura kiɗan safe yana gajarta. Ranar Asabar idan Auta ta zo sai ya ce, “Ƙara kwantar da layin nan.” Ita ta ɗauka hagu ce take damunsa, ta ja layin ƙasa. Wata Asabar ya sake cewa a ƙara. Mutumin da ya ce rangwame ɗan'uwan ƙarya ne, yanzu shi yake roƙon rangwame. Har layin ya kwanta shimfiɗe, babu sauran inda za a ja shi. Ya danna maɓalli ɗaya da yatsan dama, ya ɗaga. Sautin ya ja wutsiya.

“A'a, wannan ba daidai ba ne,” in ji Auta. “Matsa in gwada, Baba.”

“Bar shi. Ba laifinsa ba ne.”

Ya ja mayafi ya rufe fiyanon, ya shiga ɗaki. Daga ranar bai sake buɗewa ba.

Ni da nake tare da shi dare da rana na ga abin da ya biyo baya. Zai zauna a bakin gado ya ɗora hannun dama a gwiwa, yana ɗaga yatsu ɗaya bayan ɗaya yana kallonsu kamar baƙi. Ya daina aski. Ya daina karɓar kofin shayi sai na ajiye a tebur, wai kada ya suɓuce. Tuwo ya koma loma kaɗan. Muka kai shi asibiti aka auna jini, aka ce lafiya lau, likita ya sa ya matse masa hannu har ya ce, “Baba, za ka karya ni.” A cikin adaidaita muna dawowa ya ce, “Likita lallashi ya iya. Fiyano ba ya lallashi. Maɓallan sun yi mini nauyi, kuma dama ta fara jan ƙafa kamar yadda hagu ta fara.” Da muka zo wajen Fagge ya ƙara da cewa, “Idan ta tafi, kada ki ɗaure kanki da ni a benen nan. Ki kai ni gida Zariya.” Na juya fuska wajen titi don kada mai adaidaita ya ga idona a madubi.

Kiyashi ne suka tona. Wata safiya ina shara na ga layinsu ya fito daga bakin taga, ya bi bango, ya hau ƙafar tebur, ya shige ƙarƙashin mayafin fiyano. Ni ba na barin ko ƙwayar sukari a falo. Na ɗaga mayafin, wani wari ya buge ni, irin na tsohon man suya da aka manta a gwangwani, haɗe da wani ƙarni da duk matar gida ta san na wane ne. Na toshe hanci da gefen zani. Ban taɓa karya dokar Malam ba, amma ranar na sa yatsa na danna farin maɓalli ɗaya na cire. Yatsana yana sama, maɓallin yana ƙasa. Sai can ya taso a hankali, kamar tsoho zai tashi daga tabarma. Ni kuwa ba abin da ya sami hannuna.

Na kira Auta na ce ta zo da sukundireba.

A baranda muka shimfiɗa tsohuwar tabarma muka kife shi. Tana kwance noti na ƙarshe ta ɗaga murfin, sai suka watse. Kyankyasai, manya da 'ya'ya, wasu farare fat ba su yi launi ba tukuna, suna bin hannunta, suna bin ƙafata. Auta ta yi ihu ta yi tsalle har ta buge bokiti. Maƙwabciyarmu ta ƙasa, 'yar ƙabilar Ibo mai sayar da kayan miya, ta leƙo tana cewa, “Mama, ɓera ya mutu ne?” Da ɓera ne da sauƙi. Ƙarƙashin maɓallan duka wani baƙin danƙo ne ya kwanta, mai da ƙura da gashi da kashin kyankyaso da ƙwansu jere kamar wake. Matattun kiyashi sun manne a ciki ba iyaka. Akwai wasu 'yan robobi masu kama da hula da suke ƙarƙashin kowane maɓalli, duk sun kumbura sun yi laushi kamar ganda da ta kwana a ruwa. Na wanke zanin jarirai, na yi jinyar surukata har ƙarshenta, ban taɓa juya baya ba. Ranar sai da na ruga bayi.

“Mama, mai ne,” in ji Auta, ta sa leda a hannu tana dangwalawa. “Mai ne aka zuba. Wa zai zuba wa fiyano mai?”

Har na fara zargin hayaƙin kicin ɗina. Muna cikin haka muka ji sallama a matakala. Ƙarshen wata ne, Yaya ta zo dubiyarta, da jakarta da ledar lemo. Ta tsaya a kanmu tana haki, ta dubi tabarmar, ta dubi kyankyasan da muka tattake. Sai fuskarta ta washe. Ta ajiye leda ta ɗaga hannu sama.

“Kun gani ko? Kun gani da idonku! Abin da yake ciki ne ya fito.”

“Gwaggo,” in ji Auta, “ke kika zuba?”

“Da wa zai zuba, uwarki? Ita da take goge masa ƙura tana masa sannu? Kwalba guda, sabuwa. Da ƙaramin cokali na bi su, fari da baƙi, kowa sai da na ba shi rabonsa, ɓangaren hagu na ninka. Na goge sama don kada ku yi surutu.”

“Gwaggo, kyankyaso mai ya biyo!”

“Ke yi mini shiru, jiya-jiya na wanke miki kashi. Mai tsarki ne ya ƙone su suka fito. Amarya, faɗa mini gaskiya, tun yaushe abin ya daina nishi a gidan nan?”

Na ce ya daɗe.

“To!”

Ban san inda zan sa idona ba. Ƙazantar tabarma ina iya wankewa. Abin da ya fi tayar mini da zuciya shi ne murnar da ke fuskarta, tana tsaye a kan ɓarnar da ta yi tana jiran a gode mata karo na biyu. Ko tambayar yadda ƙaninta ya kwana ba ta yi ba.

Hayaniyar ce ta fito da Malam, da gemunsa da ya yi buzu-buzu, riga tana yi masa yawa. Yaya ta gan shi ta ɗan ja baya, don ba haka ta bar shi ba. Ya daɗe yana kallon cikin fiyanon. Ya ce wa Auta ta danna ɗaya. Ta danna ta cire hannu, maɓallin ya yi zamansa a ƙasa kafin ya taso. Ya ce ta danna wani, can ɓangaren dama. Haka. Sai ya ɗaga hannunsa na dama ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa. Ya zauna a kan kujerar tsugunne da nake wanke-wanke a kai.

“Yaya,” ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, “har na faɗa wa matata inda za ta kai ni.”

“Wane irin zance ne wannan?”

“Na ɗauka dama ce take tafiya. Ashe ke ce.”

“Ni? Ni da na goya ka? Na bar gidana, na hau mota, na zuba man da na yi azumi a kansa, sakamakon ke nan?”

“Hannuna kika zo shafawa, na miƙa miki. Wa ya aike ki wajen na'ura?”

Ta ce boko ya cinye mana imani. Ta ce ba za ta ci abincin gidan da ake raina addu'a ba. Na dafa shinkafa duk da haka na kai mata, don baƙuwa ce kuma babba. Ta ci, tana ci tana faɗa. Ni ban iya sa komai a baki ba ranar.

Wankin ya ɗauke mu kwanaki. Auta ta ciro maɓallan ɗaya-ɗaya ta jera su bi da bi don kada su rikice, ni na wanke su a baho da garin sabulu da tsohon buroshin haƙori, ruwa yana komawa kamar na kwata, in zubar in sake. Ita ta bi allon ciki da auduga da sifirit. Robobin da suka kumbura ba su gyaru ba, sai da ta zaga wajen masu gyaran kayan wuta ta samo na wani mataccen fiyano. Ƙarƙashin farcena warin ya zauna, na goga lemon tsami, na goga toka, ina jin sa ko a cikin addu'a idan na haɗa hannu kusa da fuska. Wasu maɓallai can ƙarshen hagu, inda Yaya ta ninka rabo, ba su sake magana ba har yau.

Ranar da aka haɗa shi, Malam ya yi aski da kansa kafin ya fito. Auta ta jona waya, ta buɗe akwatin nan, layi yana kwance inda aka bar shi.

“Tayar da shi,” ya ce.

“Zuwa tsakiya, Baba?”

“Har inda masu shi suka sa shi. Buɗe masa kunne duka biyu.”

Ta mayar da layin ya miƙe a karkace kamar ranar farko. Ya ɗora dama kaɗai, ya kaɗa baiti ɗaya na wata waƙar safiya. Kowane sauti ya tsaya inda aka tsayar da shi, kamar an yanka da almakashi. Ya sake, da sauri wannan karon. Sannan ya ɗauko hagu da hannun dama, ya ɗora ta, ya danna, ya ɗaga. Nishin ya fito, dogo, ya fi na da tsawo tunda babu rangwame.

“Yauwa,” ya ce. “Wannan wutsiyar tawa ce, na san ta. Da ita zan yi.” Ya juyo ya dube ni. “Akwai sauran tuwon jiya? A ɗumama mini.”

Yaya da za ta tafi ta bar wata sabuwar kwalba a kan taga. Na rasa yadda zan yi da ita. Man da aka yi addu'a a kansa ba na iya zubarwa a kwata, kuma ko murfin ba na iya buɗewa ban ji zuciyata ta tashi ba. Na ƙulle ta a leda, na sake ƙullewa a wata, na tura can saman kabad. Tana nan. Yaya tana zuwa duk ƙarshen wata kamar da, ina yi mata shimfiɗa, ina ce mata sannu da hanya. Amma kafin ta hawo matakala ni da Malam mun riga mun kai fiyanon ɗakin kwana, makullin kuma yana ɗaure a bakin zanina. Da safe ta ƙofa take jiyo kiɗan, dama tsaf, hagu tana biye da nishinta. Sai ta ajiye ludayi ta dube ni, ni kuma in tambaye ta ko a ƙaro koko.